Ranar da Awaki Suka Ci Katangata

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai surukina ganin katangata a Yangoji ba.

Lokacin Abuja tana ta bunƙasa, kowa a ma'aikatarmu gini yake, ni kuwa ina fama da haya a Mararaba. Na samu ɗan fili a Yangoji, amma bulo ya fi ƙarfina. Sai na karanta cewa ana yin bulo da tsofaffin takardu da siminti. Takarda kuma? Ai a ofishinmu ƙona ta ake yi.

Na nufi wurin wani mai walda a Kubwa. Muka samo ƙafar baya ta tsohuwar fijo da tayoyinta, muka ɗora ganga, muka dasa wuƙa a ciki. In ka ja da mota, tayoyi su juya wuƙar, ita kuma ta dama jiƙaƙƙiyar takarda ta koma kamar kunu. (Sau uku mai waldar yana tambayata ko lafiyata ƙalau. Na ce masa digiri gare ni.)

Injin ya yi aiki, wallahi. Kaina ya kumbura, wayo ya ɗebe ni, na rage siminti, wai ai takardar ma tana da ƙarfinta.

Baban matata Hadiza tsohon magini ne, kuma na san bai yarda zan taɓa gina wa 'yarsa ko ɗaki ɗaya ba. Abin yana cin raina. Shi ya sa ina tayar da katanga na ɗauko shi da Hadiza. A hanya na yi ta yi masa lacca kan ginin zamani, shi kuwa ba ya cewa komai sai to, madalla.

Muna isa, sai ga awaki sun jeru a jikin katangar suna gaigaya. Ashe ruwan da aka yi ya jiƙa ta, ta yi laushi. Wani bunsuru har ya huda ta, ya leƙo kai yana tauna yana kallonmu. Na bi su a guje da babbar riga, santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin damun takarda.

Hadiza ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Kunya ta hana ni ko tashi.

Baba bai yi dariya ba. Ya ɓalli bulo ya murza, ya zagaya injin, ya leƙa gangar.

"Injinka ba shi da laifi, ɗana. Siminti ka yi wa rowa. Asabar mai zuwa ka biyo ka ɗauke ni."

Haka aka yi, shi yana awo, ni ina jan mota. A ɗakunan da muka gina muke zaune yau.

Amma na ɗauki darasi: kafin ka gayyato suruki ganin aikinka, fara zuwa kai kaɗai ka duba ko an cinye.