Lambar da Inna Hajjo Ta Haddace

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta na Kamfanin Wayar Kurciya, Yamai, mai dogayen ƙarafa a kan kowane tudu, wanda muryar talaka ke bi ta hannunsa kafin ta isa kunnen ƴan'uwa. Allah ya ƙara girma, ya ja da rai.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ina tambayar lafiyarka da ta iyali da ta ma'aikata, har da ta baiwar Allahn nan mai daɗin murya da ke ce mini kullum in ƙara haƙuri, layi a cike yake. A gaya mata haƙurin na ƙara, har ya yi mini yawa ina rabawa maƙwabta.

Sunana Barira Sallau. Bandar kifi nake yi a Gaya, ina sayarwa a bakin tasha. Ina cikin mutanen farko da suka karɓi layinku, tun ranar da kuka shigo garin nan da makaɗa kuna raba huluna. Daga baya yaranku suka zo da yarjejeniyar ƴan kasuwa, wai a biya farkon wata a yi ta magana har ƙarshensa, na sa hannu da farin ciki. Yau yarjejeniyar nan nake son a warware, kuma da yake na bi ta kowace ƙofa an ce ba ita ba ce, na ga gara in yi sallama daga tsakiyar titi.

Na ɗaya. Ina godiya da yawon duniya da kuke kai ni. Ina tsugune a tsakar gidana ina hura wuta, sai saƙonku ya shigo kuna yi mini barka da isowa ƙasar Benin. Ranka ya daɗe, tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar da ke tsakaninmu da su, manyan alhazai masu takardu cikakku suna tsaye bakin ruwa suna jiran kwalekwale, ni kuwa kun haye da ni ko zanena bai jiƙe ba. Idan na matsa wajen turken awaki, sai ku yi mini barka da isowa Najeriya. Mai gidana ya ga saƙon, ya tambaye ni da izinin wa nake fita ƙasashen waje tsakanin hantsi da azahar. Tafiyar ba gajiya, na yarda. Amma kuna cire mini kuɗin matafiyi, alhali ko tsaraba ban taɓa dawowa da ita ba.

Na biyu. Akwai masunci a Tunuga, Sumana, shi ke kawo mini kifi. Da jirginsa ya taɓa gaɓa sai ya kira ni, in ce a ajiye mini. Kifi kuwa ba ya jiran kowa, ko Darakta ne. Kwanakin baya Allah ya ba shi giwan ruwa irin wanda sai mutum biyu ke ɗagawa. Ya kira, ya sake kira, matar nan taku tana ce masa wayata a kashe take, ga ta kuwa a kunne a gefen zanena. Da rana ta yi zafi ya sayar wa wata. Bayan la'asar sai ga saƙonku da ladabi, wai Sumana ya neme ni, tare da tambayar ko ina son a sa mini waƙa masu kirana su riƙa ji. Wace waƙa ce, ranka ya daɗe, ake yi wa kifin da ya tafi?

Na uku, kuma a nan zuciyata ta ɗan sosu. Bibata mai dambu, wadda rumfarta ke jikin tawa, watan jiya ta karɓi layinku. Abin da take biya bai kai nawa ba, abin da kuke ba ta ya ninka nawa. Tun safe take hira da ƴarta ta Doso, har labarin abin da kaza ta ci suna yi, ni kuwa ina gaisuwa a gurguje kamar mai tsallaka titi. Ba na hassada, Bibata mutuniyar kirki ce. Tambaya kawai nake yi: shekarun da na yi tare da ku laifi ne ake hukunta ni a kansa?

Na huɗu. Na je ajans, wato ofishinku na nan Gaya. Wanda na tarar a kan tebur Yacuba ne, ɗan aminiyata, yaron da na goya a bayana. Ya tashi ya ba ni kujera, na ce irin ta Bibata nake so, ya taɓa injinsa, ya sosa ƙeya, ya ce, "Gwaggo, wannan garaɓasar ta sababbi ce, inji ba ya yarda." Na ce to ya soke ni ya rubuta ni sabuwa, ai ga ni na yi wanka na sa sabon zane. Ya ce sokewa sai daga Yamai, kuma ranar da aka soke, lambata ta tafi ke nan, wani za a ba. Ban ga laifin yaron ba, har gumi ya yi. Amma ranka ya daɗe, a ƙasar nan mun kwanta da gwamnati ɗaya mun wayi gari da wata, yanzu yarjejeniyar mai kifi ce ta gagari sauyi?

Abin mamaki, washegarin da na furta zan tafi, wayata ta yi ƙara tangaram, rezo, wato ƙarfin layi, cike har baki, ranar ba Benin ba Najeriya. Wata ma'aikaciyarku ce, tana kirana Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Ta ce saboda amanata kamfani ya ba ni kyautar kira daga tsakar dare zuwa asuba. Na yi godiya. Na duba duk mutanen da na sani, ban samu wanda ke farke a lokacin ba sai mai gadin tasha, shi kuma ba mu da abin cewa.

Na biyar. Yanzu zan faɗa maka abin da ya riƙe ni, don kada ka ɗauka kyan aikinku ne. Mahaifiyata, Inna Hajjo, tana Yelu. Idanunta sun yi hazo, ba ta da waya, ba ta karatu. Lamba ɗaya ta haddace a duniya, tawa. Duk wanda ya gifta ƙofar gidanta da waya a hannu sai ta tsayar da shi, ta karanto masa lambar daga kanta, ya danna mata. Ranar da ta faɗi a bakin rijiya, da lambar nan aka same ni. Shi ya sa da Yacuba ya ce za a ba wani, na koma na ci gaba da biya.

Da girbin shinkafa na je gaishe ta, maganar ta suɓuce mini. Sai ta ce, "Ke Barira, ashe don ni kike zaune ana tatsar ki? Na riƙe sunan jikoki da tattaɓa-kunne, lamba ce za ta gagare ni? Kawo sabuwar." Na sayi layin kamfanin Balbela. Muka zauna muna ɓarar gyaɗa, ina faɗa tana maimaitawa. Da farko takan haɗa kan sabuwa da wutsiyar tsohuwa. Sau ɗaya kiran ya faɗa wayar wani jandarma, a zatonta ni ce, ta wanke shi tas kan sabulun da bai aiko mata ba, bawan Allah yana ta ba ta haƙuri. Juma'ar da ta wuce sabon layina ya yi ƙara, na ɗauka, na ji ta ce, "Barira, ke ce, ko wani mai kaki ne kuma?" Ina tsaye gaban bandar kifi hawaye suka zubo mini. Bibata ta tambaya, na ce hayaƙi ne.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ba ragi nake nema ba yanzu, ba kyauta ba. A warware yarjejeniyar, mu rabu da mutunci.

Roƙo ɗaya ya rage. Wanda za ku ba tsohuwar lambata, ku zaɓi mai haƙuri. Ku gaya masa za a riƙa tashinsa da sassafe ana tambayar kuɗin kifi, kada ya yi zagi. Kuma tsufa tsufa ne: wata rana wata tsohuwa za ta manta ta kira shi daga Yelu. Kada ya ce ba nan ba ne ya kashe. Ya gaishe ta da kyau, ya ce, "Inna, Barira tana lafiya, sabuwar za ki kira."

Taka mai biyayya matuƙa, har zuwa ƙarshen watan nan,

Barira Sallau
Mai bandar kifi, bakin tasha, Gaya