Ranar da Na Karanta Bangon Meksiko Daga Dama

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da mutanen Masar suka cika tituna har shugabansu ya sauka ba, domin a cikinta na kunyata kaina a ƙofar shagon Idi tela, a Tandabawi, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki.

Nan muke shan shayi bayan la'asar. Shekara ashirin muna tare da Idi, amma maganar Masar ta so ta raba mu. Ni ina cewa tashin talakawa fitina ce, shi yana cewa don ban taɓa kwana da yunwa ba ne. (Ƙasa-ƙasa muke yi, kun san ba a ɗaga murya kan irin wannan.)

Wata rana Yusuf ya zo karɓar ɗinkinsa. Mutumin Meksiko ne, ya musulunta ya zo koyon Larabci. Da Idi ya gaya masa abin da muke musu a kai, sai ya ciro wani dogon hoto a naɗe daga jakarsa. Ya ce zanen da mahaifinsa ya yi ne a bangon makarantar garinsu. Wai bayan juyin juya halinsu an ba masu zane bangwaye, don wanda bai iya karatu ba ya ga tarihi da idonsa.

Na yi istigfari saboda surorin mutane, sannan na sa tabarau na matso. (Rabin tsoron Allah, rabin son gani.) Ni kuwa a ajami na tashi, idona bai san wata ƙofa ba sai dama. A dama na ga wani dattijo rungume da masara, mata suna koya wa yara karatu. A tsakiya mahaya masu faffaɗar malafa, bindigogi, wuta. A hagu wani saurayi ɗaure a jikin turke ana zane shi da bulala, mai gona yana kallo.

Daɗi ya kama ni. Na gyara zama na yi tafsiri a tsanake: ga mutane cikin ni'ima, suka ɗauki makami, ga inda suka ƙare. Na ce ko bangon wata ƙasa ya fi Idi fahimta, shi da bai san komai ba sai zare da allura. Don kada Yusuf ya rasa ladan, na maimaita masa da Larabci.

Ya saurara har na dire. Sannan ya ɗora yatsa a hagu, ya ce, “Ya Shehi, daga nan ake farawa.” Ya ce saurayin da ake duka kakansa ne, kuma shi ne dattijon mai masara, bayan an raba wa manoma gonakin.

Idi bai ɗago daga keke ba. Ya ce, “Ashe a wajen Malam da furfura ake farawa, a ƙare da samartaka.”

Kwana tara ban bi ta layin ba. Har zagaye nake yi in zan tafi Harami, ga ciwon gwiwa. Ba dariyar ce ta dame ni ba, maganar zare da allura ce, don a gaban mutane na faɗe ta, kuma na san a gaban mutane zan janye ta.

Rana ta goma na je, na tsaya ban zauna ba. Na ce na zalunce shi, ya yafe mini. Ya daɗe yana zura zare, ya bar ni a tsaye, sannan ya tura mini kujera da ƙafa. Ya ce ya yafe, amma kofina yana nan yadda na bar shi, ni zan wanke abina.

Na wanke. Har yau ba mu daidaita kan Masar ba, sai dai yanzu ko takardar kuɗin wuta aka miƙo mini, nakan tambaya ta ina ake farawa kafin in buɗe baki.