Rasuwar Gunnar, Faifan Ɗakin Ƙasa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta kashi ɗari bisa ɗari, ni Oddvar Nesheim, mai kula da na'urorin gidan tarihin garinmu, nake sanar da rasuwar Gunnar, babban faifan ajiyar kwamfutarmu, wanda a duk gaɓar tekun nan ba a taɓa samun faifan da aka kula da shi kamarsa ba. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya zauna a ɗakin ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gida bai taɓa ƙorafi ba. Abin da aka sani na muryarsa shi ne wani ɗan gurnani, "gurrr", idan an ba shi ajiya mai nauyi. A cikinsa abokiyar aikina Torunn Vikse ta zuba muryoyin tsofaffin masunta da matansu, mutum sittin da uku, waɗanda ta bi tsibiri-tsibiri tana ɗauka tsawon shekara shida.

Ni Latin na karanta a jami'a. An ba ni riƙon na'urori ne saboda na taɓa ciro takarda da ta maƙale a injin buga takardu. Amma na riƙe amanar. Kowace safiya, kafin in taɓa kofi, nakan buɗe baƙin allo in buga haruffa biyu, df, sai kowane faifai ya faɗi yawan abin da ke cikinsa. Gunnar kullum ƙiba yake yi: kashi sittin cikin ɗari, saba'in da biyu, tamanin da takwas. A layin ƙasa kuwa ƙanensa ne, Leif, wanda aikinsa ya riƙe kwafin duk abin da yayansa ya ɗauka. Leif kullum arba'in da ɗaya. Na ɗauki wannan a matsayin kamun kai, har na yabe shi a walimar Kirsimeti.

Torunn ta taɓa leƙowa ta kafaɗata. "Farfesa, shi na ƙasan nan ba ya motsi ne?"

"Lafiya ke nan," na ce. "Ke ji da tsofaffinki, ki bar ni da nawa."

Jinyar marigayin gajera ce. Ranar Litinin ya fara cewa "tsik, tsik, tsik". Na saurara, na buga haruffana biyu, suka ce akwai sauran fili, na tafi cin abinci. Washegari ya ce "tsik" ɗaya, bai ƙara ba.

Mai gyaran da ya zo daga birni ya duba gawar ya girgiza kai, sannan ya buɗe Leif. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya kashe aikin kwafi?"

"Ni ne. Na mako ɗaya ne, lokacin da ake fentin ɗakin. Na ce zan kunna ranar Litinin."

"Wace Litinin, maigida?"

Shekara shida ke nan da yin fentin. Har yanzu yana da kyau.

Marigayin ya bar ƙane ɗaya, Leif, cikin ƙoshin lafiya, ɗauke da hotunan kwale-kwale da takardun taron da ba wanda ya taɓa nema. Ya bar waya biyu, da fanka, da ni. Ya tafi da mutum sittin da uku, waɗanda arba'in da huɗu daga cikinsu suka riga shi rasuwa. Yau da safe ma na buga haruffan, don hannu ya saba. Leif yana nan a arba'in da ɗaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma, a wurin zubar da tsofaffin kayan lantarki da ke bayan tashar jirgin ruwa, keji na biyu daga hagu. Bayan nan akwai kofi da waina da cuku mai ruwan ƙasa a ɗakin cin abincin ma'aikata. Kada a kawo furanni. Kada kuma a kawo shawara, an riga an kawo.

Torunn ta ba da uzuri. Za ta bi jirgin ƙarfe bakwai zuwa tsibirin waje, wurin Borghild, ɗaya daga cikin tsofaffin da suka rage, mai shekara casa'in da huɗu, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta roƙe ta ta sake faɗin duk abin da ta faɗa. Torunn ta dai tambaye ni ko akwai sabon batirin rikoda a aljihun teburina, na ba ta biyu, ta ce ɗaya ya isa.