Hoton Baffa na Ƙarshe

Ranar da Baffa ya tara zuriyarsa a Diggi, na taso daga Gwandu rataye da sabuwar kyamarata, irin wadda ake cire wa gilashin gaba a ɗaura wani. Gajeren gilashin na bar shi gida, na ɗauro mafi tsawo, don a san gwani ya iso.

Baffa ya daɗe kwance, kuma bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba sai ran nan. Aka tallabo shi zuwa tabarma, 'ya'ya da jikoki suka kewaye shi. Dogon gilashi ba ya son kusa, sai na yi ta ja da baya har na dangana da turken awaki.

Baffa ya ce, "Ɗana, wanga abu hoto za ya yi ko harbi?"

Na latsa sau ɗaya. Yaya Hajo, babbar 'yarsa, ta ce in duba ko ya fito. Na ce mata gwani ba ya dubawa.

Kafin lokacin kaka Baffa ya rasu. Bayan addu'ar bakwai aka ce in kawo hoton. Na buɗe shi cikin kyamarar gaban kowa. Ashe a kan wata akuya da ta gitta ne gilashin ya saitu, gashin gemunta ma ana ƙirgawa. Baffa kuwa farin hayaƙi ne kawai a bayanta. Yaya Hajo ta daɗe tana kallo, ta miƙo mini kyamarar.

Har yau ko bikin suna na halarta a Kalgo, sai wani ya ɗaga murya: "Ku ɗaure awaki, mai hoto ya iso."