Gwangwanin Boron

Shekara ashirin ina koyar da aikin gona a Kafanchan. Da matan zumuntar cocinmu suka nuna mini gwandar lambunsu, 'ya'yan duk sun kumbura, tohon yana bushewa, ko sunkuyawa ban yi ba.

"Rashin sinadarin boron ne a ƙasar," na ce. "Shi ke gina sabon toho."

Kuma gaskiya na faɗa, abin da ke ƙona mini rai ke nan. Takardar maganin boron da na kawo musu ta ce ƙaramin cokali a jarkar ruwa. Ni gwani na cika gwangwanin madara da shi na zuba.

Kafin Lahadi ganye ya ƙone ƙurmus. Shugabarsu ta ce, "Malam, ai da ka bar mana kumburin."

Har yau in na matso wurin girkin biki, sai wata ta rungume gishiri: "Ku ɓoye gwangwani, Malam ya iso!"