Ranar da Aka Juya Asibi

"...da gajiyar biki, da mutanen Kutama, da tsohuwar akuyarki mai tari irin naki?"

"Duk lafiya lau. Akuyar ma ta ce in na iso in gaishe mata da ɗan'uwanta."

Haka Asibi ta amsa wa jikanta Nata'ala, tana tsaye a ƙofar shagonsa na bakin tasha a Gwarzo, inda yake haɗa bidiyon biki da na suna yana buga wa mutane a faifai. Ta sha hanya a bayan a-kori-kura, ƙulli ɗaya a hannu, magana ɗaya a ciki. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Bikin Bilki aka gama, ƙanwar Nata'ala, an kai ta Kabo. Tun da aka zo da shari'a maza suka daina leƙa taron mata, don haka Nata'ala ya damƙa wa wata ƙawar amarya sabuwar kyamarar da ya aro ta shiga da ita cikin gida. Kyamarar kuwa mai idon shaho ce, in ta kalli mutum har ƙurjin da ya warke tun yana goye sai ta tono shi. Da aka kifa ƙwarya a ruwa kiɗa ya yi daɗi, Asibi ta manta da shekarunta ta faɗa fili. Nan Uwaliya, kakar ango, mace mai cika tabarma ita kaɗai, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce da ta kusa da ita, da muryar da ba ta yi niyyar ɓoyewa ba: "Wannan karan dawar ce kakar amarya? Allah Ya sa ba gadon gida ba ne." Shekarar ta matsi ce, kowa ya zube, amma ba kowa ke so a faɗa masa ba. Ga shi faifan bikin zai bi gara zuwa Kabo, talabijin ɗin gidan kuma a ɗakin Uwaliya yake.

"Shigo mana, amaryata," in ji Nata'ala, "ko sai na sayi baki?"

"Da me za ka saya, ango mai aljihu kamar an share masallaci? Matsa in zauna. Ina faifan?"

"Bai dahu ba."

"Madalla. Zuwa na yi ka cire ni. Daga inda na miƙe zuwa inda na zauna, ka yanke ka jefa wa kare."

"Karen ma sai ya juya shi ya ce ina naman?"

"Ka ji shi. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Kai da in iska ta taso sai an ɗaure ka a jikin turke. Ɗauko almakashin, ina da hanya a gabana."

"Ba ya yankuwa yanzu. Sai an yi masa kwanbatin."

"Ƙwan wa?"

"Kwanbatin."

"Ƙwan Bature? Na kajin Gwarzo ya ƙare ne?"

Nata'ala ya jawo kujera kusa da kwamfutarsa, wata tsohuwa mai nishi kamar mai naƙuda. "Tsaya ki ji, tsohuwa. Kyamarar nan da yarenta take ajiye hoto, a dunƙule, a cushe kamar kayanki a ƙunshi. Kwamfutar da nake yanka da ita ba ta jin wannan yaren. In na miƙa mata sai ta toge kamar jaki a bakin rafi. Dole a kwance shi a juya shi zuwa yaren da take ji, sannan almakashi ya kama."

"To ka nemo musu tafinta."

"Aikin tafintan ke nan ake ce wa kwanbatin. Da Turanci ma kalmar ɗaya ce da wadda ake faɗa in mutum ya bar addininsa ya karɓi wani. Kin ga ke nan yau za mu musuluntar da ke."

Asibi ta ajiye ƙullinta a kan cinya a hankali, irin ajiyewar da ake yi kafin a tashi dambe.

"Ni za ka musuluntar? Ni na koya wa ubanka alwala, yana fara wanke ƙafa kafin fuska."

"Ke kam Musulma ce, kowa ya shaida. Hotonki ne ba mu san addininsa ba. A cikin kyamarar Japan aka haife shi."

"In ya tuba kuma sai a sa masa suna?"

"Sai a yanka rago."

"Wa ya ga rago bana? Kai dai sassauta murya. Kada 'yan Hisba su ji kana musuluntar da tsofaffi a shago ba da sanin liman ba, su zo in rasa bakin da zan ce ban san ka ba."

Wuta babu, kamar kullum. Nata'ala ya fita ya girgiza ɗan injin wutarsa ya ji abin da ya saura na mai, ya ja igiya sai da ya yi gumi kafin ya tashi. Ya dawo ya ce zai fara gwadawa da guntun rawar kaɗai, in ya yi kyau sai a juya bikin gaba ɗaya. Wani koren layi ya fito a fuskar kwamfuta, ya soma rarrafe.

"Mene ne wancan mai jan ciki?"

"Ke ce. In ya kai bango kin juyu."

"Na juya tuwon gidan biki a tukunya mai cin kwano goma, bai ɗauke ni haka ba. Inji na shan mai, abu bai motsa ba. In ba ƙira, me ya ci gawayi?"

"Nauyin zunubin rawar ne. Ni dai ki yi haƙuri kada ki cika a shagona, ba ni da wurin zaman makoki. Ki bari ki koma Kutama, mu zo mu ci gumbarmu a tsanake."

"Gumbata? Sai haƙoranka sun zube kana jira."

"Jikoki sun gaji. Har na sayi sabon kwano."

"Ka ajiye shi, da shi za a yi maka bara."

Ya shinshina iska, ya kalli ƙullin. "Me ke ƙamshi a nan?"

"Abin da ya fi ƙarfin hancinka."

Koren layi ya kai bango. Nata'ala ya danna, kiɗan ƙwarya ya cika shago, mata suka bayyana. Sai dai duk sun miƙe sun tsuke kamar an rataye su a igiya sun kwana suna ɗiga. Ƙwaryar kiɗa ta koma kamar zungurun ludayi. Can ga Asibi ta faɗo fili. In a da karan dawa ce, yanzu tsinken tsintsiya ce aka ɗaura wa ɗankwali, tana lanƙwasa tana miƙewa, kyamarar kuma ba ta bar ƙashin wuya ɗaya ba ta ƙirga ba.

"Uwaliya ta biya ka," in ji Asibi.

"Wallahi kuskure ne. Hoton kyamarar mai faɗi ne kamar tabarma, talabijin ɗin Kabo kuwa akwati ne. Wurin cusa tabarma a akwati aka matse ku daga gefe da gefe."

"Wannan ce musuluntar? Ai ko azumin kaffara bai yi wa mutum haka."

"Ki gode Allah, yanzu ko ta kafar allura kya shiga Aljanna."

Asibi ta zuba wa tsinken da ke rawa ido. Ita ta san inda naman ya tafi. Tun lokacin kaka take rage malmalarta, tana tura abin da ta rage a rumbu, don kada a kai Bilki gidan miji da gara mai kunya. Ba ta gaya wa kowa ba, kuma ba za ta tsaya a ɗakin Uwaliya ta yi wa talabijin bayani ba. Ta gyara bakin mayafinta ta rufe wuya.

Rufe wuyan nan ya fi zaginta tsorata Nata'ala. Ya yi sauri ya koma kan lambobin faɗi da tsawo, ya buɗe faɗin. Garin sauri ya zarce. Koren layi ya sake rarrafe, inji ya yi tari a waje, har layin ya kai bango.

Kiɗa ya dawo. Wannan karon ƙwaryar ta baje kamar faranti. Wata mata ta faɗo fili, gajera, cikakkiya, kumatu kamar an ɓoye ƙosai a ciki, damtse na sheƙi, wuya da layi-layi. Ta juya, bayanta ya biyo ta daga baya da ɗan jinkiri, irin na matan da ba su san farashin masara ba.

Asibi ta matso da kujera. "Wace Hajiya ce wannan?"

"Ke ce. Na zarce ne, bari in..."

Ta make masa hannu da carbi. "Taɓa ka gani."

"Kuskure ne, tsohuwa."

"Kuskuren da ya fi daidai ɗinka albarka. Dubi wuya. Rabona da wannan wuyan tun ina goyon ubanka. Kai, dubi yadda ƙasa ke amsawa."

"Wannan kumburi ne, ba ƙiba ba."

"Wa zai latsa talabijin ya gane?"

"Kallon kitse za a yi wa rogo."

"Rogon ya gode. Shekara nawa ana yi masa kallon itace?"

Nan kyamarar ta waiwaya kan tabarmar baƙi. Uwaliya, wadda dama Allah Ya yi mata shimfiɗa, ta cika fuskar kwamfutar daga bango zuwa bango, kunnenta ɗaya ma bai samu wuri ba ya tsaya a waje. Kanta ya baje kamar murfin rumbu, tana tauna wani abu.

Asibi ta daɗe tana kallo. "Allah mai iko," ta ce a hankali. "Ni ya kai ni inda ake so, ita ya wuce da ita. A haka za a kai."

"A haka? Sunan shagona ne a jikin faifan. Mutanen Kabo su ce Nata'ala bai san aikinsa ba?"

"Su ce a gidansu Nata'ala ana cin abinci."

"Bilki fa? Ango zai ce an musanya masa mata."

"Zai ce ya ci riba. Mudu ya biya, aka auna masa tiya."

"To rawar? Ba ita kika zo in yanke in ba kare ba?"

"Kare ya ci kansa. Wa ke yanka irin wannan rawar? In da hali ma ka sa ta sau biyu, ta biyun a hankali."

Inji ya sake tari, fitilar shago ta lumshe ta buɗe. Nata'ala ya leƙa waje ya dawo. Man da ya rage na juyi ɗaya ne, in an juya bikin a wane fasali, a haka zai tafi Kabo. Ya gyara zama, ya yi fuskar malamai.

"Ki ji tsoron Allah, Hajiyar ƙarya. Zamanin shari'a ne. Wannan shaidar zur ce, a nuna wa surukai naman da babu shi."

"Kai da bakinka ka ce me ake yi wa hoton nan?"

"Kwanbatin."

"Da Hausa."

"Musuluntarwa."

"To Hajiyar ta karɓa, ga ta nan ta yi kyau, hasken imani har a kumatu. Wanda ya tuba kuwa ba a tona masa tsohon hali. Ko a islamiyyar taku ba a kai nan ba?"

Nata'ala ya kalli Hajiyar, ya kalli kakarsa. Dariya ta ƙwace masa har ya kifa kai a kan tebur, kwamfutar na rawa. Ya ɗago yana share ido, ya jawo bikin gaba ɗaya, tun daga kamu har kai amarya, ya bar faɗin yadda ya zarce, ya danna. Koren layi ya kama hanya.

"Shi ke nan, kin ci. In mutanen Kabo suka zo ganin Hajiya ido da ido fa?"

"Sai ka ce musu tana azumi."

Sannan ta kwance ƙullin. Gumba ce, curi-curi, ta sha zuma da kayan ƙamshi, wadda ta daka da asuba don ta ba shi toshiyar almakashi. Ta tura masa gabansa.

"Ungo gumbarka, ci tun da zafin hannuna. Ka daina jira." Ta nuna Hajiyar da ke juyi a fuskar kwamfuta da bakin carbi. "Waccan matar, yadda na ga wuyanta, ba yanzu za ta mutu ba."