Takardar Inna Dela da Kwalbar Turaren Shugaba

Ranar Talata aka kore ni daga kallon fim, ni da furfurata. Bayan la'asar ne, a shagon ɗinkin Ya'u da ke unguwar Sa'alaba a nan Jidda, inda muke taruwa mu sha sanyin na'ura kyauta, mu kalli fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa. Laifina ɗaya, na yi dariya a inda kowa yake share hawaye.

Ga labarin fim ɗin, ku yi mana shari'a. 'Yan sanda ne aka tsegunta musu wai 'yan ta'adda sun ɓuya a wani gida. Suka dira, suka ɓalle ƙofa, suka buɗe wuta. Da hayaƙi ya lafa, sai ga malamin makaranta da iyalinsa a kwance. Gari ya ɗauka, 'yan jarida suka hana 'yan sanda sakat, mata suka zauna a kan titi da hotunan mamatan, aka kafa kwamiti. Har nan ban ga abin dariya ba. Sai kwamitin ya zauna, ya kira shaidu, ya karanta takardun da aka kawo masa. Daga ƙarshe babban kwamanda ya miƙe gaban jama'a, ya cire hularsa, ya ce laifinsa ne, ya ajiye aiki. Nan dariya ta ƙwace mini.

"Ya shekh, lafiyarka?" in ji Ya'u, wanda a Jidda aka haife shi, rabin Hausarsa Larabci ne. "Mutane sun mutu kana dariya? Aib alaik, ka ji kunya."

Na ce, "Ya'u, shekara arba'in ina kallon Indiyawa. Na yarda mutum ɗaya ya daki arba'in gashin kansa bai motsa ba. Na yarda a harbi jarumi sau tara ya tashi ya yi waƙa. Amma babban mutum ya sauka daga kujera da ƙafarsa, ba mutuwa ba, ba juyin mulki ba? Ƙaryar ta yi yawa. Ai ko shekaranjiya (a garinmu nake nufi, na nan ba ruwana da su, iƙamata, takardar izinin zamana, saura wata uku) an bar jaki an daki taiki."

Ya nuna mini ƙofa da almakashi. "Yalla, waje."

Ina fita sai ga Gwadabe a bayana. Shi bai yi dariya ba, bai yi kuka ba. Gwadabe maƙwabcina ne, shekara goma sha huɗu yana ɗaure wa alhazai kaya a wani shagon turare a unguwar Bagdadiyya. Yana da ƙane a gida, Zaharadden, mai gyaran waya. Shekara uku da suka wuce wasu masu kaki suka kai samame unguwarsu neman 'yan ta'adda, suka kwashe samari goma sha bakwai. Biyar sun dawo. Zaharadden ba ya cikinsu, ba gawa, ba labari. Uwarsu, Inna Dela, ba ta neman diyya, ba ta neman a ɗaure kowa. Abu ɗaya take so ta sani: ta ci gaba da shanya masa tufafinsa, ko ta zauna ta karɓi gaisuwa.

Mu ma an kafa mana kwamiti, Allah ya saka wa manya da alheri. Kwamitin Gano Gaskiya Cikin Mako Shida, wanda bana ya shiga shekararsa ta uku cikin ƙoshin lafiya. Inna Dela ta sa an rubuta mata koke, ta dangwala yatsa, ta liƙa hoton ɗanta guda ɗaya da take da shi, ta kai da hannunta. Kada wani mahassadi ya ce kwamitin bai yi aiki ba. Ya sayi motoci, ya ɗinka huluna iri ɗaya, ya yi taron sanin makamar aiki har sau uku. Makon jiya kuma 'yan kwamitin su goma sha ɗaya suka sauka Jidda da matansu, daga aljihun talaka, wai sun zo umra neman haske kafin su rubuta rahoto.

"Jibi za su zo shagonmu sayen tsaraba," in ji Gwadabe. "Kai da bakinka ba ya mutuwa, zo ka tsaya kusa da ni. Tambaya ɗaya zan yi wa shugabansu."

Ranar Alhamis na je. Sai ga Mai Girma Shugaban kwamitin, Garkuwan Marasa Galihu, Inuwar Zawarawa, ya shigo, ciki ya riga shi da taku biyu. Gwadabe ya durƙusa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ni wan Zaharadden ne, ɗaya daga cikin yaran da aka kwashe. Mahaifiyarmu ta kawo takarda."

Shugaba yana shinshina bayan hannunsa inda aka shafa masa turare, ya ce, "Allah sarki. Muna kai, muna kai. Kowace takarda tana tare da mu duk inda muka sa ƙafa." Ya waiwaya wurin mai shago. "Wannan ƙaramar kwalbar tawa ce, a ware ta daban."

A raina na ce ƙarya yake, ashe na ɗauki alhakin bawan Allah. Gaskiya ya faɗa. Sun taho da koke-koken jama'a cikin akwati guda, domin a rubuta tafiyar a matsayin zaman nazari a ƙasar waje.

To, kwalba arba'in suka saya, ga dabino, ga abayoyin Hajiyar Shugaba, ga ma'aunin jirgi da bai san mai girma ba. Ana tsaka da ɗauri kuma ledar nan mai ƙuraje da ake naɗe kwalba ta ƙare. Shugaba ya riga ya koma mota shan sanyi. Sai Na'ibi, mai riƙe masa jaka, ya jawo akwatin nan ya zuge.

"Malam, naɗe da waɗannan. Dama nauyi suka yi mana."

Ambulan ne cunkus, ko ɗaya ba a taɓa farke bakinsa ba. Ambulan ba ya naɗuwa, dole sai an zaro takardar ciki. Haka Gwadabe ya zauna yana farkewa, idonsa yana bin layi kafin hannunsa ya naɗe. Wannan mijinta take nema, wannan ɗanta, wannan kurma ne ma bai ji an ce tsaya ba. Aikin da mutum goma sha ɗaya suka kasa cikin shekara uku, ɗan dako ya yi shi tsakanin azahar da la'asar, ba mota, ba hula.

A ta goma sha tara hannunsa ya tsaya. Na leƙa. Ga dangwalen yatsa da shuɗin tawada, ga Zaharadden yana murmushi cikin rigar salla.

Na sunkuya kusa da shi. Na ce masa a kunne, "Tashi mu tara musu jama'a, kamar a fim."

"A nan? Da iƙamar da ke hannun kafili, Balaraben da ya tsaya mini?" Ya girgiza kai. "Halas, bar ni."

Ya miƙa hannu ya ɗauko ƙaramar kwalbar da Shugaba ya ce tasa ce. Ya shimfiɗa takardar uwarsa, ya naɗe ta a hankali, ya juya hoton yadda duk mai warwarewa da fuskar zai fara cin karo. Ya sa ta a jakar hannun Shugaba, ya zuge, ya miƙa wa Na'ibi da hannu biyu.

Da suka tafi ya kira gida, ina tsaye.

"Inna, na ga shugaban ido da ido. Takardarki tana cikin jakarsa ta hannu, ta kansa. Shi zai buɗe ta da hannunsa."

Na ji muryar tsohuwa daga wayar: "Alhamdu lillahi. Ban ce maka ba, Gwadabe? Manya ba sa manta talaka."

Bai yi mata ƙarya ko ta kalma ɗaya ba. Ya juya fuskarsa ga bango, ni kuma da aka kora saboda dariya na tsaya a shagon mutane ina kuka, ba kunya.

Jiya na koma na ba Ya'u haƙuri, na roƙe shi ya maimaita mini wurin da kwamanda ke cire hula. Na kalla sau uku, kallon da mai azumi ke yi wa hoton abinci.

Ku kuma 'yan'uwa na gida, duk mai koke ga manya ya daina wahalar sayen ambulan. Ya aiko mana nan Bagdadiyya, mu naɗe masa kwalbar turare da shi. Ita dai mun tabbata ana buɗe ta.